Ruwan da Ke Cikin Kunnen Arzika

Babana Arzika ba ya kwance inji
sai ya saurare shi tukuna.
Daga lambunan Tabalak ake ɗauko masa injin ban-ruwa,
a sauke ƙofar rumfarsa nan Tawa,
ya ce a tayar,
ya karkata kai kamar mai satar jin tsegumi,
ya ce: ruwa ya shiga mai.
Sau ɗaya tak ya yi kuskure,
shi ma ya ce injin ne ya yi masa ƙarya.

Sai tari ya zo, irin mai taurin kai.
Allura kullum safiya, har duwawu ya zama kanta,
mu muna ƙirga kwalabe, shi yana ƙirga haƙarƙarinsa.
Tari ya tafi, mun gode Allah.
Amma ya bar gyare a kunnen hagu,
gyaren da bai san gari ya waye ba.
Kukan tsuntsaye ya fara ɓacewa,
sannan ƙarar cokali a kofin shayi,
sannan muryar jikarsa Tsahara,
wadda ta fi kowa tsini a gidanmu.

Likita Fureratu ta juya takardar magani,
ta zana katantanwa a bayanta.
Ta ce: wannan tana can ciki, bayan dodon kunne,
cike take da ruwa,
a cikin ruwan akwai ƴan halittu a jere,
kowace da tukkun gashi a ka.
Sauti ya kaɗa ruwa, ruwa ya kaɗa gashi,
shi ne ka ji an kira sunanka.

Ta ce: su ma ruwa suke sha ta fatarsu,
ya shiga da awo, ya fita da awo,
gishiri na jansa inda ya fi yawa.
Wani magani kan taɓa wannan awon,
su kumbura kamar salkar da aka manta a rijiya,
ko su saki jiki, su yi yaushi.
Wani in an daina sha, sukan farfaɗo.
Wani yakan shige cikinsu ya zauna.

Na sa baki a kunnensa na dama, na maimaita da ƙarfi.
Ya daɗe yana duban katantanwar.
Ya ce: ashe fangalin albasa ne.
Ka sake masa ruwa, ya ruɓe,
ka toshe, ya ƙone.
To wa ya bar bakin rafin a buɗe?

Ba wanda ya amsa.
Fankar ofis tana juyawa, ni kaɗai da ita ke jin ta.

Ya gyara hula, ya yi tambayar sana'arsa:
ana samun kayan gyaransu a Ƙonni?
Ko na hannu ne, zan iya ɗaurawa.
Ta girgiza kai.
Ta ce: wannan gashin ba ya tohowa, Baba.
Maganin da ya tsare maka huhu
shi ya karɓi ladarsa a nan.
Waɗanda suka saura za mu yi tattali:
kada ka sha komai daga tiren mai talla
sai ka nuna mini.

Ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihun gaba
tare da ƴan kusoshi.

Yanzu in an kawo inji
tafin hannu yake ɗorawa, ya lumshe ido,
ya ce mini: Nomau, ji mana.
In kasa kunne, in ce: iska yake sha.
Ya jira rawar ƙarfen ta hau masa har gwiwar hannu,
ya yi dariyar da ta fi ƙarfin rumfar,
don bai san tsayin muryarsa ba kuma.
Ya ce: kunne biyu gare ka, lafiyayyu,
ruwansu daidai awo,
amma miƙo mini sufana mai lamba goma.