Tawadar Allah

Ungozoma ce ta fara ganinta.
Ta ɗauka dauɗar haihuwa ce,
ta sa tsumma da ruwan ɗumi ta yi ta dirza
har kukana ya ta da maƙwabta a Kwarbai.
Inna Delu ta riƙe mata hannu:
"Ƙyale shi haka, wannan ba ta wankuwa."

Daga gindin kunnen hagu ta taso,
ta cinye rabin kunci, ta gangara wuya,
ta shige riga ta kwanta a kafaɗa,
baƙa wuluk, da gashi tsilli-tsilli.

Tsofaffi suka zauna rabon laifi.
Wata ta ce uwata ta yi kwaɗayin ɗinya ta sosa fuska,
wata ta ce tsakar gida ta fito
daren da wata ya yi zazzaɓi.
Ita dai uffan ba ta ce ba.
Shekara bakwai tana shafa mini man kaɗe
da garin wata saiwa mai ɗaci,
in ta gama ta juya baya ta fyace hanci.

Sallau sunan rajista ne kawai,
a filin firamare Rabin Dare nake.
Na koyi zama jikin bango,
na koyi miƙa wa duniya kuncin dama.
Mai hoto a Sabon Gari ya ce,
"Ɗan karkata, malam. Ɗan ƙara."
Na yi ta karkatawa
har katin shaidata ya fito da rabin mutum.

A Shika likita ya ɗora mata rula,
ya rubuta lamba, ya ce in dawo baɗi,
in ta sauya baki ko ta yi jini kada in jira baɗin.
Wato maƙwabciya ce:
ba a korarta, ba a kuma ɗauke mata ido.

Ɗinkin hannu ne sana'ata.
Kullum da tawada nake fitar da aska takwas a kan shadda
kafin allura ta bi sawu.
Wanki ɗaya, zanena ya tafi.
Wanda ya zana nawa, shekara arba'in da uku ke nan,
ko kusurwa ba ta koɗe ba.

Ranar Laraba Lantana ta dawo makaranta da kumburin baki.
An ce kowa ya zana ubansa.
Malama ta ba ta huɗu cikin goma,
wai ta ɓata takarda.
"Ba ɓatawa na yi ba, Baba. Kai ne."
Na karɓa na duba.
Ta danna fensir har takardar ta huje,
ba ta rage ko gashin nan uku na bakin haɓa ba.
Kuma gaba-da-gaba ta zana ni,
ido biyu, kunne biyu,
yadda babu mai hoton da ya taɓa yi.

Ba zan ce na warke ba.
Akwai safiyar da har yanzu nake ja wuyan riga sama.
Amma jiya a keke, daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada,
wani yaro ya ƙura mini ido,
uwarsa tana mintsininsa a ɓoye.
Wuyana ya fara karkatar da ya saba.
Na tsayar da shi.
Na ce mata, "Bar shi ya gama karatu."