Kalacin Sannu

Bayan Ƙofar Marusa, raɓa ba ta bushe ba,
nake tsugunne a lambun Tanimu.
Ya ce ciyawa ce, in kwashe duka.
Ni tsinta na zo, ba noma ba.

Gwaggo Yalwa ta bar mani kunkuru
da magana ɗaya:
"Karya karan ka duba.
In ya yi fari kamar nono, ba nono ba ne. Jefar."

To, nonon kurciya, zauna inda kike.
Tumfafiya, ko inuwarki ba na so.
Zaƙami mai farin kakaki, busa wa wani.
Duman rafi, riƙe kyan furenka.

Fasaƙaba mai jan kara, ke kaɗan.
Gudegude mai ƙafar tsuntsu,
harkiya, ɗan lalo,
balasa mai shuɗin ido.
Wadda ban san sunanta ba,
ba ta san hanyar gidanmu ba.

"Tanimu, nan gefen ka yi feshi?"
"Wallahi a'a."
Duk da haka na wanke.

Sannu ya miƙo wuya, ya shinshina,
ya tsallake lalon,
ya dafe fasaƙaba da ƙafa.
Shekara talatin yana ci a hannun Gwaggo.
Nawa hannun, yanzu yake koyonsa,
ganye bayan ganye.