Sikelin Gyaɗa

Kowace Laraba, kafin kasuwa ta cika,
nakan tuɓe takalma in hau sikelin gyaɗa.
Sammani, yaron shago, ya ja ƙarfen a hankali,
ya karanta: tamanin da huɗu.
Ya daina dariya tuntuni.
Shekara talatin ina auna buhunan mutane,
yau ni ne buhun.

Shekara shida ke nan da Tunis.
Filina na Jambutu ya tafi, shanu biyu suka bi shi.
Likita ya rage tumbina, ya bar mini
abin da bai fi kofin shayi ba.
Ya ce, Alhaji, wuƙata ta yi nata, saura naka.
Na ɗauka maganar ban kwana ce.

Da ɗari da arba'in da ɗaya na je.
Gwiwa ta ƙi sujada, salla sai a kujera,
minshari ya kori Hajjo zuwa ɗakin yara.
Shekarar farko jiki ya janye
kamar Binuwai da rani, har yashi ya fito.
Garwa ta samu abin faɗa.
Wasu suka ce ciwon nan ne da ba a kiran sunansa,
wasu suka ce jari ne ya karye.
Wata tsohuwa ta riƙe hannuna a Rumde
ta yi mini addu'ar samun sauƙi.
Na ce amin.

Ba wanda ya ba ni labarin shekara ta uku.
Yunwa ta dawo ta zauna a bakin shago
kamar mai bin bashi.
Tumbin ƙarami ne, amma ya koyi wayo:
tuwo ba ya shiga,
shayi mai sukari cokali uku kuwa sai ya zarce,
kunu ya zarce, fanke a gutsura a gutsura ya zarce.
Ga gyaɗa, ina cikinta daga hantsi har magariba,
hannu na zuwa baki ba da izinina ba.
Kilo tara suka shigo a damina ɗaya,
ban ji sallamarsu ba.

Hajjo ce ta sayo farantin,
na yara, mai hoton agwagwa.
Kifi tukuna, sai ganye, tasba ko yakuwa,
tuwo daga ƙarshe, kamar ƙwan zabuwa.
Ruwa ya jira rabin awa.
Ƙwayar ƙarin jini da safe, allura duk wata uku,
har ranar da Allah ya yi.
Bayan asuba in taka zuwa gada in dawo,
masunta sun san ni, sun daina tambaya
ko motata ce ta lalace.

Walima ta fi komai wuya.
A aje tire, a ce, a ci mana, Alhaji, ko an yi maka laifi?
Na koyi tauna tsoka guda
har mai ba da labari ya kai ƙarshen labarinsa.
Wani lokaci nakan fāɗi.
Auren ɗiyar Bawuro na ci har na fita bayan gida
na dafa bango, gumi na zuba, zuciya na bugu.
Washegari na koma wa agwagwata.

Babbar rigata ta dā tana cikin akwati.
Tela ya ce za ta fitar da biyu.
Na ce a bar ta, ina so ta riƙa ganina.

Jiya Alhaji Mamuda ya zo yana haki,
ya zauna a kan buhu, buhun ya yi ƙara.
Ya rage murya: nawa ne, kuma da zafi?
Na faɗa masa kuɗin, na faɗa masa zafin.
Sauran ban san yadda zan faɗa ba,
sai na ce ya zo ranar Laraba da sassafe.

Makon jiya tamanin da biyar ne.
Sammani ya dube ni, na dube shi,
ya janye kwanon gyaɗar daga gefena
ya kai can bayan buhuna.