Littafin da Aka Ce Gobe

Kuɗin sallama ne, shekara talatin ina shaƙar alli.
Na ƙirga su gaban Hamajoda dillali
ƙarƙashin dalbejiya, can Rumde Ajiya,
yatsana na bushewa ina sake lasa.
Ya ce, "Malam Tanimu, wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Turai,
daga gida sai asibiti.
Duk juyen mai a rubuce yake, da hatimi, da kwanan wata."
Na ce ina littafin?
Ya ce yana Duwala cikin jakar ƙanensa.
Gobe.

Abu ɗaya na yi na hankali ranar:
na sa ya ƙara a takardar ciniki,
ƙasan lambar mota, "tare da littafin gyaranta."
Ya sa hannu yana dariya,
Wakili mai shayi ya dangwala yatsa.

Gobe ta zo ta wuce, da ƙannenta goma sha bakwai.
Aljihun gaba ba komai
sai guntun asuwaki da murfin biro.
Ban san tsohuwar Turai da asuwaki ba.

Ran Lahadi, hanyar kasuwar Pitowa,
ta yi tari biyu ta yi tsit.
Masu babur na wucewa suna mini sannu.
Jonga makanike ya tsoma yatsa a bakin inji,
ya fito da baƙi kamar kwalli, mai kauri kamar kunun jiya.
Ya ce, "Malam, ga littafinka nan.
Inji ba ya iya ƙarya.
Agogon tafiyarta ma an mayar da shi yaro."

Daren nan ban ci tuwo ba.
Na ce ƙaddara ce, wanda ya sayi tsoho ya sayi ciwonsa.
Sai Dudu ta kira daga Gaundare,
'yata da ke karatun shari'a, wadda na koya wa baƙi da wasali,
ta ce, "Baba, tsufa ka saya, ba ka sayi ƙarya ba.
Abin da ya faɗa don ka biya, yana cikin abin da ka biya.
Kada ka bari a taɓa injin.
Jonga ya rubuta abin da ya gani.
Kai masa wasiƙa, ka riƙe kwafi:
ko littafi, ko ragi, ko ya karɓi motarsa.
In ya ƙi, kotu ba ta tashi daga Garwa ba."

Kwana uku, sai ga Hamajoda da littafi,
sabo ƙal, yana ƙamshin maɗaba'a.
Shekara tara, biro ɗaya, hannu ɗaya.
Na sa tabarau, na bi shi layi layi
yadda nake bin jarrabawar 'yan aji shida.
Shafi na huɗu: an juye mai
ran talatin ga Fabrairu.

Ban ɗaga murya ba.
Na miƙa wa shugaban dillalai, na ce ya nemo mini ranar a kalanda.
Tsohon ya duba, ya dubi Hamajoda,
Hamajoda ya dubi takalminsa.
Wakili ya bar tukunya a wuta ya zo ya ce, "A gabana aka yi."

Ban samu duka ba, kada in yi muku irin tasa.
An mayar mini da dubu ɗari shida na sefa,
rabi ranar, rabi bayan an sha ruwa sau goma.
Jonga ya cinye mafi yawa a gyara.

Yau tana haye gadar Binuwai ba tari.
A aljihun gaba akwai littafin 'yan makaranta mai shafi talatin da biyu.
Layin farko, da jan biro:
mai, matata, kuɗi, sunan wanda ya juye,
da ranar da Allah ya halitta.