Kiran Tarwada a Kogin Tisza

Agusta ta kusa ƙarewa, Tisza ta rame.
Yashi ya fito a tsakiyarta kamar haƙarƙarin tsohon doki,
har keken da wani ya jefa tun ina rarrafe
ya leƙo da ƙafa ɗaya, gansakuka ta ɗinka masa riga.

Kawu Dezső ya tsoma gwiwar hannu a ruwa.
Ya ce, "Ɗumi, kamar romon jiya.
Kifi ba wawa ba ne, Piroska.
A irin wannan wata ƙasa yake yi,
can ramin gindin gadar jirgi,
inda ragowar sanyi ta ɓuya.
Mai jefa ƙugiya da tsakar rana, ƙeyarsa kawai zai gasa."

Sai muka jira.
Burodi, cuku, tumatir biyu da gishiri a takarda.
Shamuwa sun taru a gonar alkamar da aka girbe
suna shawarar tafiya kudu,
ba su nemi ra'ayin kowa ba.

Ya buɗe gwangwanayensa kamar mai nuna gado.
Dafaffiyar masara, kwana uku a jiƙe har ta yi tsami,
rabon masu faɗin ɓawo da ke kiwo a taɓo da asuba.
Fara daga ciyawar bayan coci, ta ƙananan da ke cafka a sama.
Tana kuwa ta yi tsada bana.
Ƙasa ta ƙeƙashe, sai da ya tona tulin taki har gwiwa
kafin ya samu goma sha ɗaya, ya ƙirga su sau biyu.
Na ƙarshen bai taɓa shi ba sai da rana ta faɗa bayan rema... a'a, bayan itatuwa:
matsattsaku, baƙaƙe wuluk, suna miƙa suna naɗewa.
"Uku a ƙugiya. Kar ki matse su.
Tarwadar zafi ba ta kula abin da ba ya motsi."

Muka saki kwalekwale, ruwa ya ja mu a hankali.
Ya ciro itacen kira daga cikin rigarsa,
lanƙwasasshe, mai kai kamar kofaton ɗan akuya,
sassaƙar ubansa.
Ya sari ruwa da shi, ya sake, ya sake,
ya juyo: "Ya fita?"

A nan na gane abin da Gwaggo Etelka ta hana a faɗa.
Kunnen ya tafi.
Shekara hamsin yana kiran kifi daga ƙasan duhu,
yau ba ya jin kiran kansa.
Sautin kuwa a fashe yake, kamar an mari bango da rigar wanki.

Na ce, "Ya fita."

Ya dube ni har na koma kallon matsattsaku.
"Da ya fita, da na ji shi a tafin ƙafata."
Ya cire takalma, ya dafe katakon jirgin da sawu,
ya miƙo mini itacen.

Na sara. Fantsama kawai.
Na sara, na jiƙa mu duka.
Sauro ya samu biki a wuyana.
Wajen na talatin, wuyan hannuna ya gaji da gardama,
ya karye da kansa:
ɓut.
Zagayayye, mai zurfi, kamar an zare murfin tulu.

"Shi ke nan," in ji ƙafafunsa. Bakin bai ce komai ba.

Zaren na naɗe a yatsansa.
Na ga yatsan ya sunkuya, ya ɗago, ya sake sunkuyawa.
Wani abu mai nauyin ɗan maraƙi ya taso daga ramin,
ya shinshina, ya ɗauki matsattsaku biyu,
ya bar mana ɗaya don kunya,
ya koma.

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Mun dawo da bokiti ba ko ƙaya.
Da safe gonar alkama wayam, shamuwa sun tashi.
Ina neman makullin mota a jakata
hannuna ya ci karo da itacen,
har yanzu da danshi.