Amsar Barau a Gindin Kufena

Ka tsai da motarka a gindin tsamiya,
ka sauke gilashi ka ce, "Baba, yaushe ya fi daɗin zuwa?"
Haka ɗaliban Samaru kan tambaye ni,
da jakunkuna a baya da ruwan leda a hannu.
Sauko tukuna.
Dutse ba ya amsa wa wanda ke zaune.

In da bazara ne, to ka yi sammako.
Kafin hantsi Kufena ya zama tanda,
takalmin roba har laushi yake a ƙafa.
Amma ɗorawa ta nuna,
yara za su tare ka da baki rawaya,
mangwaron Wusasa kuwa har awaki sun gaji da shi.
In ka kai sama ka dubi gabas,
birni na kwance kamar shanyar barkono,
hadari na haɗuwa a bayansa, ya yi ta alkawari bai cika ba.
Ranar da shamuwa ta sauka, ni na fara ganinta.

Damina ita ce tawa.
Dutsen nan da ka gani fari fat
sai ya yi baƙi, ya yi sheƙi kamar bayan sa.
Kowane rami ya zama ƙwarya cike da ruwa,
talibambam na iyo inda jiya ƙadangare ya sha rana.
Ciyawa ta tsiro a tsagar da allura ba ta shiga.
Gawo kaɗai ke tsaye tsirara, ya ƙi ruwan Allah,
shekara sittin ina lallashinsa.
Kande za ta gasa maka masara a bakin hanya,
ta ƙara maka ɗaya in ka gaishe ta da kyau.
Sai dai ka cire takalmi, ka taka da tafin ƙafa,
gansakuka ba ta san babban mutum ba.
Na taɓa sauko da wani mai babbar riga a bayana,
yana salati, hularsa na can tana gangarawa.

Da kaka kada ka neme ni.
Ina gona.
Ka hau kai kaɗai, ka ga dawa ta sunkuyar da kai,
ka ɗebi ɗinya, ka bar wa rema rabonsa.
In ka biyo ta wajena akwai ɗanyar gyaɗa,
amma sai ka kama mini dami.

Lokacin ɗari ne baƙi ke yawa.
Su Rifkatu kan hau da sabon ɗinki ranar Kirsimeti,
da kular shinkafa, ba su taɓa mance ni ba.
Shanun Ardo Buba na karmami a gonakin da muka girbe,
magarya ta yi ja, kanya na zuba,
masu mazarƙwaila sun iso tun tana da ɗumi.
Da dare mu hura kara, hira ta yi tsawo,
kowane baƙo ya zama mai labari.

To ka ji. Kowanne da abin da ya riƙo,
kowanne da abin da ya hana.

Tsaya.
Cire tabaran nan in gani.
Wannan tabon na goshinka ai na san shi,
ni na ɗaure shi da gefen rawanina
ran da santsi ya kwashe ka kana bin 'yar akuya.
Sambo ɗan Jatau!
Kai ne yau ke tambayar yaushe ake zuwa?

Kashe motar.
Yaran nan na baya, naka ne?
Ce su tuɓe takalma.
Rana ba ta yi ba tukuna, za mu kai.