Tsuntsun da Ake Ci a Lulluɓe

A Bagalam, gindin bedi, bayan la'asar,
Nomau tsohon kuku na ɓarar gyaɗa a faifai,
sai ga jikan Tsahara daga gulbi, ƙafa duk laka,
hannu a dunƙule, wani abu na motsi a ciki.

"Buɗe mu gani."
Kai ruwan toka, maƙogwaro ruwan ɗorawa,
ido da zobe kamar an zana da alli.
Tsoho ya ajiye faifai.
"Kai ne? Har nan ka biyo ni?"

Ya ce: "Shekara bakwai na yi a garin su Mushe,
can inda itatuwa ke tsaye sahu-sahu kamar soja.
Ortola suke ce masa.
A akwati ake sa shi, a rufe ruf,
ba rana, ba wata,
ya ɗauka dare ne ya ƙi ƙarewa,
ya yi ta ci, ya yi ta ci.
Ka san abin da ake zuba masa? Gero.
Gero dai, irin wanda uwarka ke surfawa.

In ya yi ƙiba har ƙafa ta gaza,
sai a tsoma shi cikin barasa da ransa.
Ni ke tsomawa.
Ba wuƙa, ba bisimilla,
kumfa biyu, uku, shi ke nan.

Manya su zauna, kowa da tumbinsa,
kowa ya ja farin ƙyalle ya rufe kai
kamar masu sirace.
Na tambayi Madam dalili,
ta ce don kada ƙamshi ya tsere.
Mai wankin kwano ya raɗa mini:
don kada Allah ya gani ne.
Na yi dariya har na ƙware.
Mai ganin tafiyar tururuwa a duhun rami,
shi za a ɓoye wa da ƙyalle taki biyu?"

Ya yi shiru. Wani kabu-kabu ya wuce.

"Ran nan ɗaya ya rage a kasko.
Na waiga, ba kowa.
Na jefa shi baki ɗungurungum, da zafinsa.
Kitse ya narke, ƙashi ya soki dasashi,
na haɗiye shi da jinina.
Su dai sun nemi ƙyalle.
Ni ko ƙyallen ban nema ba.
Kuma, yaro, da daɗi.
Daɗin nan ne ke tashe ni da tsakar dare.

Yanzu an ce doka ta hana, wai sun kusa ƙarewa.
To, wanda ya yi wa Allah lulluɓi,
jandarma ne zai gagare shi?"

Yaro ya ce: "Baba, mu ma muna gasa jan-baki."
"Jan-baki ɓarawon gona ne,
kuma ido a buɗe muke cin sa.
Wannan baƙo ne.
Teku ya ƙetaro, da hamada,
nauyinsa bai fi goro ɗaya ba."

Ya kwance bakin wando, ya ƙirga dala ashirin.
Yaro ya buɗe tafi.
Tsuntsu bai tashi ba,
ya tsaya yana kallon hasken
kamar bai yarda da shi ba.
Can ya yi fir, ya bi ta kan masallaci, ya nufi gulbi.

Yaro ya juya kuɗi a hannu, ya sake juyawa.
"Baba, tarkona yana nan fa.
Gobe in kawo biyu?"

Nomau ya jawo faifai,
ya ɗauki gyaɗa ɗaya, ya daɗe bai fasa ba.